DAGA ALƘALAMINA: Kwana Uku A Makarantar 'Yan Mishan

 Da farko ina neman afuwar waɗanda suka yi ta cigiyata a fitowar da ta wuce, musamman wata baiwar Allah daga Gusau da ta rubuto tana tambaya wai ko aure aka yi mini ban gayyace su ba. A'a wallahi, in lokacin ya zo ai ku ne 'yan gaba-gaba. Tafiya ce ta kama ni ba shiri, kuma labarin tafiyar zan ba ku yau, bayan na nemi izinin wadda abin ya shafa ta ce in rubuta, amma da sharaɗin kada in kama sunanta ko na makarantarsu.

Autarmu ce. Shekara biyu cur tana neman gurbin karatun jinya a nan gida Allah bai nufa ba, har yarinya ta fara ramewa don takaici, sai Gwaggonmu da ke aure a Jos ta samo mata fom na wata kwalejin koyon aikin lafiya da wata coci ta gina a jihar Filato. Ba ƙaramin artabu aka sha ba kafin Baffa ya yarda, don tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba, maganarsa ce yankan wuƙa. Abin da ya sassauta masa zuciya shi ne, shi kansa a asibitin ido na ECWA da ke nan Kano aka cire masa yana, asibitin da tun 1943 yake duba idanun Kanawa. Ya ce, "Mutanen nan dai sun iya aikin asibiti, wannan ba a ƙwace musu ba. Ta je, amma idona na kanta."

Wata biyar da tafiyarta ana zaune lafiya, sai ran nan Umma ta kira ta a waya tana tambayarta wace ce ƙawarta a can. Auta ta ce, "Wata 'yar ɗakinmu ce Umma, 'yar kwaya ce, kullum da yamma nake raka ta wajensu." Ai kuwa Umma ta saki salati, waya ta faɗi a cinya. Na shigo na tarar da ita hawaye shaɓe-shaɓe tana cewa an lalata mata 'ya, ta haɗu da 'yan ƙwaya. Sai da na kira Auta na gane ashe kwaya take nufi, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ba ƙwayar da ake haɗiya a bugu ba. Na yi dariya har da riƙe ciki. To amma fa Umma ba ta yi dariya ba. Ta share hawayenta ta dube ni ta ce, "To ke da kike ɓaɓɓaka dariya, me 'yata take yi kullum a wajen masu waƙar coci?" Nan dariyata ta tsaya cak, don ba ni da amsa. Kafin magariba zance ya isa kunnen Baffa, ya ce ɗayan biyu: ko wani ya je ya gano da idonsa, ko kuwa ƙarshen zangon nan ta haɗo kayanta. Aka ce ni ce mai ido da baki, ni zan je, Yayanmu ya raka ni.

Muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka ɓulla Saminaka, ni dai sai jan carbi nake. Ba zan ɓoye muku ba, da tsoro na tafi. Wanda ya girma yana jin labarin abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010, ba zai shiga wata unguwar ba gabansa bai faɗi ba. Yaya ya tsaya gidan Gwaggo, ni kuma aka yi sa'a makon ɗalibai suke yi, ana barin baƙi, uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, in za ki iya sanyinmu ga katifa nan." Ban san da gaske take ba sai da asuba, da na taɓa ruwan alwala na ji kamar an sare mini yatsu.

Bari in tona wa kaina asiri. Ni iyakata sakandare, amma littattafaina uku duk a babbar makaranta na ajiye taurarina. Yarinya ta fito daga lacca tana taku ɗai-ɗai, ɗan Alhaji ya faka mota ya sauke gilashi, ƙamshin turare ya cika wuri. To jama'a, kwana uku na yi ban ga ɗan Alhaji ko ɗaya ba. Layin bokiti na gani a bakin famfo tun ƙarfe 5 na asuba, da 'yan mata sun ƙudundune cikin suwaita suna hamma, da gwaten acca a kwanon roba. Allah ya yafe mana ƙaryar da muke shirga muku.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, a makarantar nan kusan babu ɗalibin da yake zaman kansa. Kowa da inda ya rataya. Babbar inuwar ita ce ƙungiyar ɗalibai Kirista da suke kira FCS, wadda aka kafa tun 1957 a Gindiri, nan cikin Filato, ta bazu makarantun Arewa. Ita ce takwarar MSS tamu, wadda ita kuma aka kafa a Legas a 1954. Amma tsarin nasu ya ba ni mamaki. Ƙarƙashin ƙungiya ɗaya akwai masu addu'a, akwai masu nazarin Littafi Mai Tsarki, akwai mawaƙa, akwai 'yan wasan kwaikwayo, akwai masu shara da jera kujeru, akwai masu ziyarar marasa lafiya, kowane rukuni da shugabansa da ranar taronsa da littafin da ake rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sabuwar ɗaliba ba ta kwana bakwai sai an zo har gadonta an tambaye ta me ta iya. In ta ce ba ta iya komai ba, sai a ce to ai kin iya riƙe tsintsiya. In ta yi fashin taro sau biyu, ba hukunci za a fara yi mata ba, mutum biyu za a turo su ji ko lafiya. Maza ana ce musu Burada, mata Sista, ko da yarinya ba ta fi shekara 17 ba.

Akwai kuma ƙungiyoyin gida, kowace ƙabila da tata: Birom, Angas, Tarok, Bachama, Bajju, Tibi, har da wasu da ban taɓa jin sunansu ba sai ranar. Akwai majalisar ɗalibai da ake zaɓe da ƙuri'a, akwai 'yan jarida masu allo a bakin ɗakin cin abinci, inda suke manna gulmar mako ba tare da kama suna ba amma kowa ya san da wa ake. Waɗannan na ji sun kwanta mini, don sana'armu ɗaya.

Da yammar Juma'a na ce wa Auta ta kai ni inda take raka ƙawar tata. Muka zauna a kan dakali daga waje, jikin taga, ta ce nan take zama kullum, ba ta taɓa shiga ba. Suka fara gwaji. 'Yan uwa, da Hausa suke waƙar! Hausa tsantsa, da tulu da ganga da kacau-kacau, murya huɗu tana hawa tana sauka. Na san a labari cewa akwai Kiristoci masu ibada da Hausa, amma ji da kunne daban ne. Daga baya wani dattijo cikin malamansu ya yi mini bayani cewa tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, kuma yawancin ƙabilun nan ba sa jin yaren juna, Hausa ce ta haɗa su a majami'a, shi ya sa ma ƙungiyoyinsu sunan Hausa gare su, irin Zumuntar Mata da Sabon Rai. Ya ƙara da tuna mini cewa likitan farko da Arewa ta samu, Dakta Barau Dikko, wanda aka sa wa asibiti sunansa a Kaduna, Kirista ne da ya tashi a hannun 'yan mishan na Zariya, haka ma Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Na yi tsit, don rabin wannan ban sani ba, kuma ga ni wai marubuciya.

Na juya na dubi Auta, na ga leɓenta yana motsi. Ba waƙar take yi ba, amma ta haddace karin. Gabana ya yanke ya faɗi.

Da daddare na titsiye ta. Na ce, "Auta, tsakaninki da Allah, me kike nema a jikin tagar nan?" Ta yi shiru kamar ruwa ya cinye ta, can ta ce, "Anti, in ban je can ba ina zan je?" Ta lissafa mini. Ƙarfe 4 ake tashi daga darasi, ƙarfe 6 ake rufe ƙofar makaranta. Tsakanin nan ɗaki yakan zama wayam, kowa ya tafi ƙungiyarsa. Litinin wannan, Talata wancan, Laraba addu'a, Lahadi kuwa tun safe har azahar ba kowa. Su Musulmi su 9 ne a duk makarantar, mata 4 maza 5, ba aji ɗaya ba, ba su da ƙungiya, ba su da ɗakin salla, kowa a gefen gadonsa yake shimfiɗa darduma. Ta ce watan farko kullum sai ta yi kuka tsakanin la'asar da magariba, har ƙawar nan ta lura ta ce, "Taso mu je ki sha iska, ba sai kin shiga ba."

Wannan ƙawa kuwa, 'yar Bachama ce daga Numan, doguwa baƙa mai wushirya, bakinta ba ya rabo da dariya. A azumin da ya wuce, da yake kicin ɗin makaranta yana rufewa kafin a sha ruwa, ita ce take karɓar wa Auta abincinta ta zuba a kula ta ajiye. Ita ce take saita agogo ta tashe ta sahur, don Auta nauyin barci gare ta kamar gawa. Da zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, masu ziyarar marasa lafiya ne suka yi karo-karo suka sayo mata lemo da madara suka wanke mata kaya. Na ce, "Ba su yi miki wa'azi ba?" Ta ce, "Sun tambaya ko su yi mini addu'a, na ce na gode ina yin tawa, suka ce to."

Kada ku ɗauka duka zuma ce. Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma sai na faɗa. Taron safe dole ne ga kowa, kuma da addu'arsu da waƙarsu ake buɗe shi, Musulmi sai dai ya tsaya ya sunkuyar da kai. Mazan sai sun nemi takardar izini kowace Juma'a kafin su fita masallaci, wani lokacin a sa gwaji daidai lokacin. Akwai wata Sista mai zafin ra'ayi da ta ɗauki Auta tamkar aikin da aka ba ta, yau ta ajiye mata ƙasida a ƙarƙashin matashi, gobe ta tare ta a layin ruwa, har sai da ƙawar nan ta kai ƙararta wajen shugabarsu aka ja mata kunne. Ni kaina sai da wani yaro ya tare ni ya ce yana da albishir da zai ba ni. Na ce masa ɗan nan, goron albishir ɗinka ya fi ƙarfina, riƙe abinka. Muka rabu da dariya, amma na raya a raina cewa ni da shekaruna da bakina ke nan, ina ga yarinya 'yar 19 da ke ita kaɗai.

Ranar Asabar aka yi ranar al'adu. Kowace ƙungiyar gida ta fito da shigarta da rawarta da abincinta, fili ya kaure da kiɗa. Da aka zo kan Hausa-Fulani, wa za su fito? Su Auta ne su tara, sai wasu 'yan mata uku Kiristoci Hausawa daga wajen Malumfashi da Zariya, sun sha atamfa da lalle da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya. Tare suka dama fura, tare suka yi gaɗa. Na tsaya ina kallonsu na kasa rarrabe wace ce tamu wace ce tasu. Malamin nan dattijo yana gefena, ya ce mini shi yana saurayi lokacin da rikicin Kafanchan ya tashi a watan Maris na 1987, kuma a kwalejin horon malamai ya faro, tsakanin ɗalibai Kirista da ɗalibai Musulmi a wajen wani taron wa'azi, kafin wuta ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ya ce tun daga ranar ya daina raina taron ɗalibai, don abin da yara suka ƙulla a fili irin wannan, alheri ko sharri, shi manya suke girba a gari.

To yanzu ga inda gizo yake saƙar, wanda na san shi kuke jira. Soyayya.

A tsarin ƙungiyarsu, Burada ba ya tunkarar Sista kai tsaye. In ya ga wadda ta kwanta masa, sai ya yi addu'a, sannan ya je ya gaya wa shugabanni, su bincika, su kira yarinya su ji ta bakinta. In an daidaita a sanar da limamin cocin makaranta da iyaye. Ba a zama biyu-biyu a lungu, ba a shiga ɗakin juna, wadda ta yi ciki kuwa sai gida. Na ce ashe dai ba mu kaɗai ke da dokar zance a zaure ba. Amma zuciya ba ta san doka ba, ko a can ana satar kallo a layin abinci, ana ba da aron littafi da takarda a tsakiya.

Daren da zan taho ina gyara wa Auta akwati, sai ga takarda a ninke cikin aljihun murfi. Ban yi niyyar karantawa ba, amma wace yayar ce za ta ga irin wannan ninkin ta mayar? Daga shugaban 'yan wasan kwaikwayonsu ne, wani siririn yaro mai tabarau da na ga ya fito a sarki da rana. Da Hausa ya rubuta, shafi biyu. Ina karantawa ina jin kalmomin kamar na san su. Ai kuwa na san su! Auta ta tafi da littattafaina, sun zaga ɗakin mata sun tsallaka na maza, yaron nan ya zauna ya tsinci kalaman da na sa a bakin taurarina ya jera wa ƙanwata. Da hannuna na wasa wuƙar. Ban san sanda na zauna daɓas a bakin gado ba.

Auta ta shigo ta gan ni da takarda, sai ta durƙusa ta fashe da kuka. Ta rantse ba ta ba shi amsa ba, kuma ba za ta ba shi ba, ta san abin da addininta ya ce game da auren wanda ba Musulmi ba. Na ce to don me kika ajiye? Ta ce, "Anti, ba wanda ya taɓa rubuta mini irin wannan." Wallahi sai na ji nawa idon ya kawo ruwa, don na san wannan ciwon, da shi nake cin abinci.

Ƙawarta ce ta ƙarasa mini labarin. Ashe tun makonni uku da suka wuce zancen ya isa kunnen shugabanninsu, suka kira yaron suka wanke shi tas, suka ce su ma a wajensu ba a auren wanda ba a bangaskiya ɗaya ba, kuma yarinya amana ce iyayenta suka kawo, in ya kuma za a sauke shi daga muƙaminsa. Uwarsa ma da ta ji, cewa ta yi 'yar Kano za ta raba ta da ɗanta. Na ce ikon Allah, ashe yadda Umma ta kwana tana kuka a Kano, haka wata uwar ta kwana tana yi a nan.

Takardar dai Auta da kanta ta yaga ta a gabana, ban sa ta ba. Na so in ga yaron in yi masa magana, sai kuma na fasa, don ban san me zan ce masa ba bayan kalamaina ne a bakinsa.

Kafin in bar makarantar na sa aka tara mini su taran nan a gindin wata bishiya. Na ce musu kun ga yadda mutanen nan suka riƙe junansu, ku me ya hana ku? Babban cikinsu ya ce suna tsoron kada a ce sun zo da fitina. Na ce fitina daban, neman wurin salla daban. A nan muka zauna na rubuta musu takarda zuwa ga shugaban makaranta, cikin ladabi, suna roƙon ɗaki ɗaya da izinin haɗuwa ranar Laraba da Lahadi lokacin da sauran suke wajen ibadarsu, da kuma takardar fita Juma'a ta dindindin ga maza. Malamin nan dattijo ya ce shi zai miƙa da hannunsa.

Da na dawo na zayyana wa Umma komai, har takardar. Baffa kuwa na ba shi labarin kwaya da na azumi da na taron safe, na tsallake shafi biyun nan, Allah ya yafe mini, kuma na san ba ya karanta mujallar mata. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ta zauna ta ƙarasa, amma duk ƙarshen mako biyu ta je gidan Gwaggo ta kwana, kuma a nema mata malamar da za ta riƙa yi mata tilawa a can.

Shekaranjiya Auta ta kira. An ba su wani tsohon sito kusa da ɗakin karatu, sun share sun shimfiɗa tabarmi, takardar Juma'a ma an sa hannu. Sunan ƙungiya ne aka ce su dakata tukuna, hukumar cocin ba ta zauna a kai ba. Ta ce ranar da suke sharar, ƙawarta ce ta fara zuwa da tsintsiya da bokiti, tana ta mita wai su Hausawa ba su iya goge gizo-gizo ba.

Yanzu haka da nake wannan rubutu Umma tana tsakar gida tana dakan yaji, ga dambun nama ta ƙulle leda biyu, direban Jos zai wuce da safe. Na ce Umma leda biyu duk na Auta? Ta harare ni ta ce, "Ɗaya na 'yar ƙwayar nan ne." Har yau ba ta gyara bakinta ba.

Masu jiran ci gaban amsoshin wasiƙu, ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.